Burodin Italiya a gida: a bar wa inji ya gama, ko a kai obin?

Hajiya, kin tambaya ko injin burodin da aka kawo miki tsaraba zai iya yi miki burodin Italiya tun daga kwaɓi har gashi, ko sai kin haɗa da obin. Na yi ta hanyoyin biyu sau da yawa, kuma abin da na tsaya a kai shi ne inji ya kwaɓa, obin ya gasa. Ga yadda kowace take fitowa, sai ki auna.

Kayan haɗi dai iri ɗaya ne: fulawa giram 500, ruwa mililita 330, gishiri giram 10, yis cokalin shayi ɗaya da rabi, man zaitun babban cokali biyu. Ba madara, ba ƙwai, ba bota. Sukari in kina so, cokalin shayi ɗaya ya isa. Ƙarancin kayan nan ne ya raba shi da burodin da muka saba ci da shayi. Ruwa da mai ake fara zubawa a gwangwanin injin, sai fulawa, gishiri a gefe guda, yis kuma a ɗan rami a saman fulawar don kada ya haɗu da gishirin tun da wuri.

Idan kika bar wa inji komai, kin huta. Ki danna, ki tafi harkarki, bayan kamar awa uku gida ya ɗauki ƙamshi. Sai dai abin da za ki zazzage dogon burodi ne mai kusurwa huɗu, samansa fari-fari saboda wutar injin daga ƙasa take, gindinsa da ramin ɗan ƙarfen da ke juya kwaɓin, cikinsa a tsuke. Yana da daɗi, yara ma sun fi son sa da bota. Amma ɗan Italiya ba zai kira shi nasu ba, domin nasu ɓawo ne mai ƙaras-ƙaras da ciki mai ramuka, kuma wannan sai da wuta mai ƙarfi da tururi. Inji bai da ko ɗaya daga ciki yadda ake buƙata.

Ɗaya hanyar kuwa, ki zaɓi shirin kwaɓi kawai, wanda a yawancin injina aka rubuta masa Dough. Cikin kamar awa ɗaya da rabi zai murza ya bar shi ya tashi. Ki juye a tebur mai barbaɗin fulawa, ki naɗe shi dogo a hankali ba tare da kin matse iskar ba, ki rufe da tsumma mai damshi minti 40. Obin ya riga ya yi zafi digiri 230, da tire na ruwan zafi a ƙasansa. Ki tsaga bayan kwaɓin da sabuwar reza sau uku, ki saka. Tururin ne ke hana fatar bushewa da wuri, sai burodin ya samu ya buɗe ta wurin tsagar nan. Minti 25 zuwa 30 ya yi ja. Ki ƙwanƙwasa gindinsa, za ki ji yana amsawa kamar ganga, in kuma kika ajiye shi ya huce, ki kasa kunne, ɓawon yana ƴar ƙara yana tsattsagewa. Ranar da na fara jin wannan ƙarar a kicin ɗina ban sake gasa shi a inji ba sai da dalili.

Inda injin ya fi burge ni shi ne wurin kwaɓin cabatta, wani nau'in burodin Italiya. Sunan na nufin silifas a harshensu, saboda siffarsa, kuma ba tsohon burodi ba ne: wani ɗan Italiya, Arnaldo Cavallari, ya ƙirƙiro shi a garin Adriya a 1982. Kwaɓinsa ruwa-ruwa ne, ruwa kusan mililita 400 ga fulawa giram 500, yana manne wa hannu har ya ishe ki. Inji ba ruwansa da danƙo, zai murza shi sumul. Amma a gwangwani ba zai taɓa zama silifas ba, dole a tire. In kina son ɗanɗano ya zauna sosai, yi abin da suke kira biga: da daddare ki cire fulawa giram 150 da ruwa mililita 80 daga cikin awon, ki haɗa da ɗan yis kaɗan, ki rufe, da safe ki yayyanka shi cikin injin tare da sauran kayan. A zafin bazara irin namu, firji za ki sa shi bayan awa ɗaya ko biyu, in ba haka ba ya yi tsami.

Ga mai farawa, fokaca, wato burodi mai faɗi na mutanen birnin Jenowa a Italiya, ta fi sauƙi. Ki baje kwaɓin a tire mai mai, ki lotsa shi da yatsu, ki yaryaɗa man zaitun da gishiri, minti 20 a digiri 220.

Sai batun wuta. An taɓa ɗauke mini ana tsakiyar gashi a inji, na fito da abu waje gasasshe ciki ɗanye, fulawa rabin kilo ta tafi a banza, raina ya ɓaci ƙwarai. Da kwaɓi kawai yake yi, da na kwashe na ƙarasa da hannu, obin na gas kuma bai san an ɗauke wuta ba. Da zafi ki kwaɓa da ruwan sanyi, da hunturu ki leƙa bayan minti biyar, in kwaɓin ya yi tauri ki ƙara ruwa cokali ɗaya.

Inji shi kaɗai yana da ranarsa: lokacin sahur, ko ranar da aiki ya sha kanki. Kowanne kika yi, kada ki yanka sai ya huce kamar awa ɗaya, kuma ranar aka fi cin sa. Wanda ya kwana ki yanyanka ki ɗan gasa, ki goga masa tafarnuwa, ki ɗora yankakken tumatir da man zaitun.