Sharhi kan tanadin da aka yi wa makafi a wani baje kolin hotuna

Tun da ciwon hawan jinin ido ya rage mini gani na daina zuwa baje kolin hotuna, sai a kwanakin baya da na ji labarin wani da aka yi wa makafi da masu raunin gani tanadi. A bakin ƙofa aka ba ni na'urar sauraro, aka kai ni teburin hotunan da ake shafawa.

An buga hotunan a wata takarda ta musamman wadda baƙin layinta ke kumbura idan an gasa ta, ta yadda yatsa zai bi shacin fuska ko na gini. Da farko na rasa gane komai, domin ido yana ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, yatsa kuwa sai ya bi shi gaɓa-gaɓa kafin zuciya ta harhaɗa. Muryar na'urar ce ta fitar da ni: ta ce in fara daga kusurwar hagu ta sama, ta gaya mini inda mai ɗaukar hoton ya tsaya, da ɓangaren da haske ya fito, sannan ta yi shiru har na gama lalube. Wannan shirun ya burge ni ƙwarai. A hoton wata tsohuwa na daɗe ina bin tamojin goshinta, har na ji kamar na san ta.

Sai dai akwai gyara. Hotuna kaɗan ne aka yi musu wannan aiki, sauran kuma suna bayan gilashi mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila mai rauni, alhali yawancin waɗanda ake kira makafi suna da ragowar gani da za su amfana da shi. Bayanan bango an rubuta su da ƙananan haruffa da kuma Braille, rubutun makafi mai ɗigo 6 da ake karantawa da yatsa, wanda ni da da yawa daga waɗanda suka rasa gani da girmansu ba mu iya ba. Manyan baƙaƙe a kan farin allo da sun wadatar da mu.

Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ya amince da haƙƙinmu na shiga harkokin al'adu, saboda haka na rubuta wa masu shiryawa ina roƙon a naɗi bayanin murya na kowane hoto. Zan koma, kuma zan tafi da wani abokina da aka haifa makaho.