Zaɓen Ƙwayar Bitamin B ga Mai Fargabar Sankarar Mama

Mata da dama suna sayen bitamin B da fatan zai zame musu garkuwa daga sankarar mama, musamman waɗanda suka ga cutar ta kama uwa ko 'yar'uwa. Fatan yana da tushe, domin folet, wato B9, tare da B6 da B12, suna cikin abubuwan da jiki ke buƙata wajen ƙera DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, da gyara shi, kuma lalacewar DNA ce mafarin sankara. Sai dai gwaji bai gaskata fatan ba. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2008, an bi mata 5,442 sama da shekara bakwai, rabinsu suna shan waɗannan bitamin uku da ƙarfi, rabi kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, amma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan waɗanda suka kamu. A 2013 an haɗa gwaje-gwajen da suka shafi mutane kusan 50,000, aka tarar folik asid, wato folet ɗin da ake sa wa a ƙwaya, bai rage cutar ba, bai kuma ƙara ta ba.

Saboda haka, buƙatar jiki ce ya kamata ta ja ragamar zaɓe. Folik asid shi kaɗai mai maikirogiram 400 ya dace da mai shirin ɗaukar ciki, don yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. B12 shi kaɗai, na haɗiya ko na allura, na wadda gwajin jini ya nuna tana da ƙarancinsa ne, kamar tsofaffi da masu shan metformin, maganin ciwon sukari, na tsawon lokaci. Haɗin bitamin na yau da kullum, mai awon da bai wuce buƙatar yini ba, shi ne matsakaici.

Wanda na fi jin tsoronsa shi ne haɗin da ake rubuta wa B-50 ko B-100. A juya kwalbar a karanta ƙananan lambobin da ke bayanta: za a ga B6 miligiram 50 ko 100 a ƙwaya guda, alhali mace baliga kusan miligiram 1.3 take buƙata a rana. Shan irin wannan wata da watanni yana iya lalata jijiyoyi, ƙafa da hannu su riƙa mutuwa ko zugi. Folik asid da ya haura maikirogiram 1,000 a rana kuwa yana iya ɓoye ƙarancin B12 har illar ƙarancin ta yi nisa.

Wadda ke karɓar maganin sankara kuwa, kada ta sayi ko ɗaya sai ta kai wa likitanta kwalbar ya gani da idonsa, domin folik asid yana iya tsananta illar maganin sankara mai suna capecitabine, yana kuma iya yi wa aikin wani mai suna methotrexate katsalandan.