Fitila ko falmaran mai ƙyalli? Amsa ga Malam Lawal

Malam Lawal, barka da war haka. Na ga tambayarka tun jiya a zauren nan. Ka ce kana rufe shago a wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina bayan magariba, ka hau keke zuwa Batagarawa, kuɗin da ke hannunka kuma na abu ɗaya ne: ko fitilun caji na gaba da baya, ko falmaran mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya. Ni ina hawa keke, ina kuma tuƙa mota a kan hanyar Dutsinma ɗin nan da kake bi, don haka na ga abin ta ɓangare biyu. Sayi fitila. Ga dalilina, kuma akwai wurin da falmaran ta fi ta.

Falmaran ba ta da hasken kanta. Zirin nan mai ruwan azurfa da ke jikinta cike yake da ƙananan ƙwayoyin gilas, waɗanda aikinsu su mayar da haske inda ya fito. Fitilar mota ta dalle ka, hasken ya koma wajen motar, direba ya gan ka. Haske ne na aro, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Ka ƙirga ababen hawan da ke bayanka da daddare daga shataletale zuwa kwanar Poli: ɗan acaɓan da ƙwansa ya mutu tun makon jiya, Napep mai ido ɗaya, motar itace da fitilarta ta koma kamar aci-balbal. Duk waɗannan, da ka sa falmaran da ba ka sa ba, kusan ɗaya ne a wurinsu. Direban babbar mota ma, da yake yana zaune can sama nesa da fitilunsa, ƙyallin da ke iso masa bai kai wanda mai ƙaramar mota ke gani ba.

Ita kuwa danjar baya, wato jar fitilar nan, da wutarta take tafe. Ko mai zuwa ba shi da fitila sam, zai hango ja a gabansa.

Nisa shi ne babban zance. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Gajeriyar wutar mota ba ta haska abin da ya wuce mita 50 zuwa 60 da kyau. In ka sa doguwar riga mai duhu babu komai a jikinka, direba na da ƙasa da daƙiƙa 3 ya gane mutum ne, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki. Falmaran mai kyau na ƙara wannan nisan sosai, in har fitilar ta same ka. Danja mai cikakken caji kuma tun kafin hasken motar ya iso inda kake an riga an gan ta.

Sai mahaɗar hanya, inda ake yawan kwashe masu keke. Mota ta fito daga lungu za ta hau titi, hancinta na kallon gabas, kai kana tahowa daga kudu. Fitilunta ba su kallonka, saboda haka falmaran ɗinka ba ta da abin da za ta mayar. Abin da zai sa direban nan ya tsaya shi ne farar fitilar gabanka. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a sayi ta baya kawai ba, wai ai titi da hasken sola. Ta gaba ba don ka ga rami kaɗai ake sa ta ba.

To ina falmaran ta yi nasara? Ba ta cin batir. Kai ka san halin wutarmu. In aka kwana biyu babu ita, fitilar caji ta zama ado. Ni kaina an taɓa yi mini haka, tawa ta mutu ina tsakiyar hanya, ban ma sani ba sai da na sauka a ƙofar gida na waiga na ga duhu, tunda ta baya ba ka ganinta kana tafe. Da rana kuma, da wannan ɗan tsakanin na la'asar sakaliya zuwa kiran magariba, launin falmaran mai ɗaukar ido na aiki ƙwarai, musamman cikin hazon hunturu da komai ke komawa ruwan ƙasa. Sai dai launin da hasken rana yake aiki. Duhu na yi, kore da ruwan ɗorawa sun zama yadi kamar kowane yadi, zirin azurfar kaɗai ya rage. Magaribar garin nan kuwa ba ta jira, a Nuwamba da Disamba ƙarfe 6 da 'yan mintoci rana ta faɗi, kafin ka idar da salla ka ja ƙofar shago gari ya rufe.

Akwai abu na uku da ba ka tambaya ba, amma shi na fi so ka ji. Wani dare cikin sanyi ina dawowa a mota, ƙura ta tashi, wani mai doguwar wuta ya taho ta gabana ya kashe mini ido. Abin da na fara gani ba mutum ba ne, ba keke ba ne. Ɗigo biyu ne masu ruwan lemo, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Nan take ƙafata ta tafi birki, don babu abin da ke motsi haka sai feda. Da na matso sai ga wani dattijo a kan tsohuwar Phoenix, ya ɗauro harawa a kariya har ta fi kansa tsawo. Da falmaran ya sa, da harawar ta rufe ta ruf. 'Yan ƙyallin feda ne suka fitar da shi.

Wannan ba dacen dare ɗaya ba ne. Masu bincike a wata jami'ar jihar Queensland ta Ostireliya sun gwada direbobi da daddare a kan hanyar gwaji. Mai baƙaƙen kaya kusan babu wanda ya gane shi. Mai falmaran mai ƙyalli, rabi. Da aka ƙara masa ƙyalli a idon sawu da gwiwa, sai ya kai 9 cikin 10. Ido na saurin gane motsin ƙafar ɗan Adam, shi kuwa ƙyallin da ke tsaye a baya wuri ɗaya ana iya ɗaukarsa allon gefen titi. Saboda haka in ka sayi fitila, canjin da ya rage ka kai wa masu sayar da kayan mota, su yanko maka salatif mai ƙyalli irin wanda ake manna wa bayan tirela. Ja a madigadin baya, fari ko ruwan ɗorawa a feda da jikin keken ta gefe. Ka ɗinka wani a kan roba ka riƙa ɗaurewa a ƙafar wando, ka ga ya hana kaca cin wandon ma.

Wajen ɗaura fitilar, fara a gaba, ja a baya, kada ka musanya. Na sha ganin yara sun ɗaura tocila fara a baya, direba ya ɗauka mashin ne ke tahowa. Ka duba kada gindin rigarka ko buhun da ke kariya ya sauko ya lulluɓe danjar. In kana yawan ɗaukar kaya, gara ka ɗaura ta a ƙarshen kariya maimakon ƙarƙashin sirdi. Ta gaba ka ɗan sunkuyar da ita ƙasa, kada ka kashe idon wanda kake so ya kauce maka. Mai ƙyaftawa ta fi jan hankali, ta kuma fi riƙe caji, amma a duhu sosai tana wahalar da direba wajen gane nisanka, har ma a Jamus doka ba ta yarda a ɗaura irinta a jikin keke ba. Ni cikin gari nake barinta tana ƙyaftawa, in na wuce inda fitilun titi suka ƙare in mayar da ita tsaye. In wani ya ce ka nemi dainamo irin ta da, mai gogar taya, ka tuna kana tsayawa take mutuwa.

Falmaran ɗin ka bar ta sai wata mai zuwa. In ka tashi saye kada ka yarda da ganin rana, don akwai masu zirin fenti kawai. Shiga cikin shago inda babu haske, ka kanga tocilar wayarka daidai gefen idonka, ka ja baya ka haska ta. In zirin bai mayar maka da haske har ka ƙyafta ba, ajiye masa abinsa. Haka za ka riƙa gwada salatif ɗin kekenka duk bayan 'yan kwanaki, don ƙurar hunturu na dushe shi, sai an bi da jiƙaƙƙen tsumma.