Wata shida da Hakko FX-888D a gyaran wayoyin jita

Na daɗe ina ɗora laifin mummunan liƙi a kan hannuna, ashe ƙarfen liƙin ne. Wanda nake da shi a da ɗan ƙarami ne mai wat 25, bakinsa tsini kamar allura. A kan siririyar waya yana taɓukawa, amma da zarar na kai shi bayan fot, wato gwangwanin nan da ke ƙarƙashin maɓallin ƙara sauti, sai gwangwanin ya shanye zafin tas. Dalma ta dunƙule kamar ɗigon ruwa a kan ganye, ba ta kama ba. In yi ta dannawa kusan minti guda, har cikin fot ɗin ya dahu. Haka na kashe fot guda biyu, suka koma ƙarƙar-ƙarƙar idan an murɗa.

Hakko FX-888D, ƙarfen liƙin da na koma wa, mai wat 70 ne, kuma kai ne ke saita masa zafi. Abin da ya burge ni ba yawan zafin ba ne, saurin dawo da shi ne bayan bakin ya taɓa ƙarfe mai sanyi. Na sa masa baki mai faɗi irin na sukuddireba. A ƙafafun fot da na jak, wato inda ake soka wayar amfilifaya, ina barinsa wajen digiri 350 na Celsius, idan zan liƙa wayar at (earth) a bayan gwangwani in ɗaga zuwa 400. In ɗan kankare wurin da sanfefa, in shafa dalma a gwangwanin da kan wayar kowanne daban, sannan in haɗa su. Daƙiƙa uku ko huɗu, ka ga dalma ta malale tana sheƙi. Ƙugin da jitata ke yi a amfilifaya ya ɗauke tun ranar.

Dalma ma ba kowacce ba. Ina amfani da 60/40, kuza da dalma, mai ƙaro a cikinta, wadda ke narkewa wajen digiri 190. Wadda ba a haɗa ta da ƙarfen dalma (lead) ba sai ta haura 217, ta fi ba sabon hannu wahala. Ta masu gyaran famfo kuwa, mai asid, ko kusa kada ta zo, cinye waya take yi a hankali. A buɗe taga, a wanke hannu bayan aiki.

Soson tagullar da ke mazauninsa ya fi mini jiƙaƙƙen soso, don ba ya sanyaya bakin.

Abu ɗaya da babu na'urar da za ta yi maka: rufe jikin jitar. Ɗigon dalma guda ya taɓa faɗo mini kan fenti, tabon yana nan har yau kusa da maɓalli. Yanzu kafin in kunna, sai na yanka kwali na shimfiɗa, ramin wayoyin kaɗai nake bari a buɗe.