eBird ko iNaturalist: Ina Za a Kai Hotunan Kyamarar Gona?

Malam, ka ce kyamarar da ka ɗaure a jikin bishiya a gonarka ta bakin kogin Galma, mai ɗaukar hoto da kanta duk sa'ad da wani abu ya gifta, ta tara maka hotunan fakara da zabi da mujiya, kuma kana son sanin inda ya dace ka kai su tsakanin eBird da iNaturalist, shafukan intanet biyu da mutane ke shigar da rahoton tsuntsaye ko sauran halittun da suka gani. A kai su iNaturalist.

Ƙa'idar eBird, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta buɗe a 2002 tare da ƙungiyar Audubon, a fili take: ba a shigar da abin da kyamara ta ɗauka alhali mai ita ba ya wurin. Ni ina ganin sun yi daidai. Abin da masu bincike ke nema a can ya wuce sunan tsuntsu, suna son sanin ƙarfe nawa ka fara dubawa, minti nawa ka yi, nisan da ka taka, da kuma ko ka rubuta duk abin da ka gane, domin da haka suke auna ko wani tsuntsu na ƙaruwa ko raguwa. Ita kuwa kyamara wuni take ta kwana tana kallon 'yan taku kaɗan na ƙasa, ba ta ganin shirwa a sama, ba ta kuma san da cilakowar da ke kuka a reshen da ke bisa kanta ba. Idan aka cuɗa lissafinta da na mai tafiya da ƙafa, sai ya zama kamar fakara ce kaɗai ta cika fadamar.

Shi iNaturalist, wanda ya faro a 2008, hujja yake nema: hoto, rana da wuri. Sauran masu amfani da shi za su duba hotonka, kuma idan aƙalla mutum biyu suka sa suna, fiye da kashi biyu cikin uku suka yarda da shi, rahoton ya kai matakin da masu bincike ke ɗauka. Zomo da gafiya da damon da suka shiga hoto ma duk suna da gurbi.

Sai dai a kula da agogon kyamara, domin wasu kan koma tsohuwar shekara idan batir ya mutu, sai hoton damina ya fito da kwanan watan rani. A rubuta ranar da aka ɗauki hoton da wurin da kyamarar take, ba ranar da ka zauna a Samaru ka ɗora shi ba. Hotuna goma a jere na zabo ɗaya rahoto ɗaya ne, kuma idan zabin maƙwabci ne suka shigo kiwo, akwai wurin nuna cewa na gida ne. Ina kuma ba da shawarar a zaɓi ɓoye ainihin wurin, saboda mafarauta da masu sha'awar kyamarar kanta.

Ranar da ka je sauya batir, ka tsaya ko da rabin awa ne, ka rubuta duk tsuntsun da ka gani da idonka ko ka ji kukansa. Wannan jerin ne za ka kai eBird.