Gargaɗi ga masu neman albarushi ta intanet a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka masu sha'awar farauta, dala 312 aka yi mini sama da faɗi da su a watan Nuwamba, kuma da hannuna na tura.

Ni da bindigar ɗuri tun yarinta muke. Kakana maharbi ne, ni nake riƙe masa ƙahon albarushi yana ɗura adakarsa ta baki, ya tura tsumma, ya daddanna da sandar ɗuri. Da na zo Fensilbaniya sai na tarar Turawan nan ma ba su yar da abin ba. Har lokacin farautar barewa na musamman suka ware wa bindiga mai ƙanƙara, wato mai tashi da tartsatsin dutse, ana buɗe shi bayan Kirsimeti, ba a yarda da wata irin bindigar ɗuri ba sai ita. Na yi shekara biyu ina fita, sai aiki da iyali suka sha kaina, bindigar ta yi shekara tara a bayan kabad. Bana na ciro ta, na zura sanda na tabbatar babu tsohon ɗuri a ciki, na goge tsatsa, na sa sabuwar ƙanƙara. Saura albarushi.

A nan gizo ke saƙar. Mai ƙanƙara ba ta son Pyrodex da sauran garin da ake yi a madadin albarushi, tartsatsin ba ya kama su da kyau, sai baƙin albarushi na asali. Shi kuwa doka ta sa shi cikin abubuwa masu fashewa, ajiye shi a kanti sai da ma'aji na musamman, shi ya sa yawancin kantuna ba sa wahalar da kansu. Ga shi a 2021 aka rufe masana'antar Goex ta Minden a jihar Luwiziyana, wadda ita kaɗai ke yin sa a ƙasar. Estes Energetics sun saye ta a 2022 an ci gaba da aiki, amma tsoron rashi bai fita daga zukatan mutane ba. Wannan tsoron 'yan damfara suke ci.

Kanti huɗu na zaga ban samu ba. Da dare na bincika a waya, sai ga wani shafi tsaf-tsaf, da hotunan gwangwanaye jere, na Goex da na Swiss da na Schuetzen, mai lamba FFg na ɗuri da mai FFFFg, wanda ya fi laushi, na zubawa a kaskon bindiga inda tartsatsi ke sauka, kowanne an rubuta akwai. A ce duk dillalan ƙasar suna cewa wannan ya ƙare wancan sai wata mai zuwa, mutum ɗaya komai yana da shi, har da ragi? Ido ya gani, kwaɗayi ya rufe shi.

Na zaɓi kaya na zo biya, wurin sa katin banki ya ƙi aiki. Nan take saƙo ya shigo: na'urarsu ta kati ta sami matsala, in tura ta manhajar aika kuɗi ta Zelle ko ta Bitcoin, za su rage mini kashi goma cikin ɗari. Sunan da suka ba ni na wata mata ce, ba na kamfani ba. Uwargida tana gefe ta ce, "Malam, kamfani ne kuma da sunan mace?" Na ce wataƙila mai kantin ce. Har yau in ta tuna sai ta yi dariya.

Abin da ya fi ci mini rai, alamar da ta fi kowacce girma na sani sarai. Gidan waya ba ya ɗaukar albarushi ko kaɗan. Sai ta motocin kamfanonin dako, da kuɗi na daban na kaya masu haɗari, kuma sai baligi ya sa hannu kafin a sauke. Su kuwa cewa suka yi kawowa kyauta ne, kwana biyu ya iso. Wanda ya ce zai aiko maka da albarushi kyauta cikin kwana biyu, bai taɓa riƙe gwangwaninsa ba.

Kwana uku sai ga imel daga wani wai kamfanin dako: an tsare kayana, in biya dala 250 na inshora, za a mayar mini idan kaya sun iso. Sai a lokacin jikina ya yi sanyi. Na sa adireshin kantin a Google Maps, filin ajiye motoci ne. Na duba rajistar shafin, bai cika wata biyu da buɗewa ba, alhali sun rubuta sun shekara 20 suna sana'ar. Lambar wayar ba a ɗauka, sai dai a rubuto. Da na ce a mayar mini da kuɗina, shi ke nan, ɗif.

Banki suka ce tunda ni na tura da kaina, kamar na miƙa tsabar kuɗi ne hannu da hannu. Na kai ƙara shafin IC3 na hukumar FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet, da na FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ba don ina sa ran kuɗin ba, sai don a san da su. Ban kawo sunan shafin ba da gangan, don ya riga ya ɓace, kuma na ga wasu biyu da hotuna iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, suna kawai aka sauya.

Masu neman bindigar kanta ma ku yi hattara. Dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki yawancin bindigogin ɗuri a matsayin kayan tarihi, a jihohi da dama ana iya aiko maka har gida ba tare da dillali ya shiga tsakani ba, ko da yake wasu kamar Niyu Jazi suna da nasu sharuɗɗan. Rashin ɗan tsakanin nan shi ne ƙofar ɓarawo. In an nuna maka hoton bindigar ɗuri ƙirar Hawken mai ƙyalli, ka ce a kira ka ta bidiyo, a zura sanda cikin bututun kana kallo. Facebook kuwa tun 2016 ya hana cinikin bindiga tsakanin mutane, kada ma ka tsaya.

Albarushin dai na samu a ƙarshe wurin wani dattijo a ƙungiyar maharba ta gundumarmu. Suna haɗa kuɗi su yi oda ɗaya daga dillali mai lasisi, su raba kuɗin dako. Na biya shi a hannu, ya miƙo mini gwangwani biyu daga bayan motarsa, na karanta lambar jikinsu na girgiza na ji nauyi kafin na sa a jaka.