Hattara da masu tallar "salansar fanka"

Jama'a, musamman iyayenmu mata da masu sabon gini, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na unguwanni. Wani ɗan akwatin roba ne da bai fi cajar waya girma ba, ana tallarsa da sunan salansar fanka. Wai ka soka shi a soket ɗin da ke kusa da fankar zuƙe hayaƙi ta kicin ko ta banɗaki, nan take ƙararta ta ragu da kashi 90 cikin 100. Sai ka tura kuɗi tukuna, sannan su ce sun ba direba kayan a tasha. Wasu kayan ya iso musu, wasu kuwa daga tura kuɗin sai lambar ta daina shiga.

Sana'ata wayarin ce da gyaran fanka, kuma an kawo mini irin akwatin nan na buɗe. Kafasita guda ce a ciki, wato ɗan abin nan da ke riƙe cajin wuta na ɗan lokaci, da 'yar koriyar fitila, da guntayen waya. Shi ke nan. Duk wanda ya tuna akwatunan da aka yi ta sayarwa a baya wai masu rage kuɗin wutar mita, to kayan cikin ɗaya ne, takardar jiki kawai aka sauya. Fitilar nan ita ce kaɗai ke aiki, don ka ga haske ka ɗauka wani abu na gudana.

Bidiyon da suke nunawa ma ba abin mamaki ba ne. Waya da kanta tana danne ƙarar da ba ta tsayawa idan ana ɗaukar murya, balle wanda zai zauna ya rage sautin da hannunsa kafin ya ɗora. Lissafin nasu kuma akwai wayo a ciki. Ana auna ƙara da desibel. Raɗa kusan 30 ce, hirar mutum biyu kusan 60, babbar fankar da ake ratayawa saman murhun gas kuwa idan an ƙure ta takan kai 60 zuwa 70. Idan aka rage kashi 90 na ƙarfin sauti, desibel 10 kacal aka rage, abin da kunne ke ji kamar rabin ƙarar. Wato ko da gaskiya suke faɗa, shirun da suke nunawa a bidiyo ba zai samu ba. Ga shi kuma ba gaskiyar suke faɗa ba, domin ƙarar fanka ba daga soket take fitowa ba.

Wanda ya sayi akwati kuɗinsa kaɗai ya yi asara. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kashi na biyu na tallar, inda suke cewa za su turo "injiniya" har gida. Zai zo da jaka, ya kwance murfin fankar, ya ce wa uwargida ta ɗan ba shi wuri. Abin da yake yi ɗayan uku ne. Ko ya cusa soson katifa a bakin bututun, ko ya cire kafasitar fankar ya sa ƙarama, ko ya haɗa mata abin rage hasken ƙwan fitila a matsayin regileta. Ya kunna, a ji ƙara ta ragu, a biya shi har da na mota.

Ƙarar ta ragu kam, amma don fankar ta daina aikinta ne. Kamar a toshe wa mai tari baki a ce ya warke. Motar fanka da iskar da take ja take hucewa. Idan an toshe mata hanya ko an hana ta gudu, kwayil zai yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Soson katifa kuwa yana shan maiƙon suya, kuma idan ya kama wuta ci yake da sauri, hayaƙinsa guba ne. A tuna ina aka cusa shi: saman murhu, jikin silin, wani lokaci dab da tukunyar gas. Ko wuta ba ta tashi ba, hayaƙin da aka sayi fankar don ta fitar yana nan cikin kicin, uwargida da yaranta suna shaƙa. A gidan da ake hura gawayi a rufaffen kicin abin ya wuce wasa, don iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. A banɗaki kuma bayan 'yan watanni za ka ga fenti na ɓarewa, silin ya yi baƙi-baƙi.

Idan irin wannan mutumin ya taɓa shiga gidanku, ga gwaji mai sauƙi. A kunna fankar, a kara takardar tishu a bakinta. Lafiyayyar fanka za ta riƙe takardar ta manne. Idan ta faɗo, a kashe fankar daga makunni, a kira mai gyaran da aka sani ya duba bututun da wayarin ɗin.

Abin haushin shi ne yawancin ƙarar nan gyaranta ba ya cin kuɗi. Ku saurari irin kukan da take yi. Idan girgiza ce da gurnani, galibi ƙurar hunturu ce ta haɗu da maiƙo ta daskare a fukafukan, wani ya fi wani nauyi. Ruwan ɗumi da omo da tsohon buroshi sun isa, bayan an kashe wuta. Idan ƙara ce siririya kamar ana goga ƙarfe, boris ne ko bushin ya cinye, sai a sa mai ko a sauya. Kwas-kwas ɗin da ake ji ko fankar na kashe, marfin waje ne iska ke kaɗawa. Idan kuma duk ɗakin ne ke amsawa, an ɗaure ta kai tsaye a jikin silin ko katako, sai a ƙara matse noti a sa roba a tsakani.

Wanda na fi gani a sababbin gidaje shi ne na bututu. Fanka bakinta inci 6 ne, sai magini ya huda ramin inci 4 don ya huta, ko a sa bututun nan mai lanƙwasa a naɗe shi gwiwa uku a cikin silin. Iska na neman hanya ba ta samu, dole ta yi kuka. A sa miƙaƙƙen bututu daidai bakin fankar, gajere, a ji bambanci. Akwai kuma gunjin da ke zuwa sai an koma kan ƙaramar inbata ko wuta ta zo da rauni. Wannan laifin wutar ne, kuma babu akwatin soket da zai gyara shi.

Mai son sabuwar fanka marar ƙara ya taka da ƙafarsa zuwa shago, ko a Sabon Gari ne ko a kasuwar garinsu, ya ce a jona masa ita ya ji da kunnensa. Ya duba kwalin ya ga desibel nawa aka rubuta, a tazarar mita nawa aka auna, domin 30 a mita 3 ba daidai take da 30 a mita 1 ba. Ya karɓi rasit mai sunan shago. Wanda ya ce ba shi da shago, sai dai ka tura kafin alƙalami zuwa asusun da sunansa ya saba da na shafin, rabu da shi.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hoton hirarsu da shaidar tura kuɗin da lambar asusun, ya sanar da bankinsa a ranar, tun kuɗin ba su yi nisa ba. Ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ko ta jiharsa, irin wadda muke da ita a Kano. Sannan ya sa hoton akwatin a zauren da ya ga tallar, ya faɗi abin da ya same shi.